Amsa ga mai tambaya kan ChatGPT da 'yan uwanshi: aikin ofis da karatu

Wani ƙanenmu daga nan cikin Katsina ya turo tambaya. Yace da rana yana aiki a ofishin wata makaranta mai zaman kanta, shi ke buga takardu shi ke haɗa sakamakon ɗalibai, ranar Asabar da Lahadi kuma yana karatun HND. Abokan karatunshi kusan duk ChatGPT, manhajar AI (ƙirƙirarriyar basira) mai amsa tambaya da yin rubutu, ke yi masu asaimen, malaminsu kuma ya rantse duk wanda ya kama sai ya kada shi. Shi ne yake tambaya, ya yi amfani da abin nan ko ya bar shi, wanne ya fi tsakanin ChatGPT da 'yan uwanshi, kuma ana iya yarda da abin da yake faɗa?

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka ya ba da sa'ar karatu. Kwamfuta nake koyarwa kuma tambayar nan taka kusan kullum sai an yi mani irinta, dan haka ka yi haƙuri amsar za ta ɗan yi tsawo.

Ka yi amfani da shi, kar ma ka yi wata-wata. Amma da sharaɗi ɗaya wanda duk sauran bayanin da zan yi a kanshi yake: ka ba shi aikin da in ya yi kuskure kai zaka iya ganewa. Duk aikin da in ya shirga maka ƙarya ba ka da hanyar da zaka gane, toh wannan ba nashi ba ne, ko kuma ba nashi ba ne shi kaɗai.

Dalili kuwa yana cikin yadda aka ƙera shi. Mutanenmu da yawa sun ɗauka wani babban ɗakin karatu ne, ka tambaya ya je ya buɗe littafi ya ɗauko maka amsa. Ba haka yake aiki ba. Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba 2022, shi da duk ire-irenshi, Gemini na Google, Claude na Anthropic, Copilot na Microsoft, Meta AI ɗin da ke cikin WhatsApp ɗinka, asalinsu guda ne: an ɗura masu rubutu mai ɗimbin yawa, suka koyi wace kalma ce ta saba biyo bayan wace, sai ya zama in ka yi tambaya yana jero kalmomi ɗaya bayan ɗaya gwargwadon abin da ya fi kama da amsa. Sau da yawa abin da ya yi kama da amsa shi ne amsar, shi ya sa yake burge mutane. Amma ranar da bai da abin a cikinshi ba lallai ya tsaya ba, yana iya ci gaba da jero maganar da Turanci mai daɗi da natsuwa, kuma muryar da yake faɗin gaskiya da ita da ita yake faɗin ƙarya, ba zaka ji ya yi in-ina ba balle ka yi zargi.

Ba ɗalibai kaɗai abin ke kayarwa ba. A 2023 a birnin New York na Amurka wasu lauyoyi sun shigar da takarda gaban kotun tarayya ɗauke da tsoffin shari'o'i guda 6 a matsayin hujja, ashe ChatGPT ne ya ƙirƙiro su, da sunayensu da lambobinsu tsaf, ba a taɓa yin ko ɗaya ba. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000, ga kunya a idon duniya. Lauyoyi fa, masu shekaru cikin aiki.

In kana so ka gani da idonka kar ka gwada shi da tarihin Amurka, gwada shi da abin gida. Ce ya jero maka sarakunan Katsina na gidan Dikko da shekarunsu. Kai ka sani Sarki Muhammadu Dikko ya rasu 1944, Usman Nagogo ya gaje shi har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Mai Martaba Abdulmumini Kabir Usman. Wannan wataƙila ya kawo daidai dan an rubuta shi wurare da dama. Toh ka matsa mashi, tambaye shi hakimai, tambaye shi wace unguwa ke tsakanin Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri, ko ka ce ya ba ka tarihin wata gunduma a ƙasar Daura. Nan zaka fara ganin yana haɗa Katsina da Kano, yana ba mutum sarautar da bai taɓa riƙewa ba. Ba wani abu ba ne illa abin da aka rubuta game da mu a intanet kaɗan ne in aka kwatanta da na Turawa, tarihinmu da yawa yana bakin dattijai da cikin kundayen da ke jibge a jami'o'i ba a ɗora su ba. Ma'ana gwargwadon kusancin tambayarka da gida, gwargwadon yadda ya kamata ka ƙara sa ido. Yanzu yawancinsu suna iya leƙa intanet su kawo amsa tare da nuna shafin da suka samo, wannan ya rage matsalar sosai, amma sai ka danna shafin ka karanta da kanka, dan yakan nuna shafi na gaske ya jingina mashi maganar da babu ita a ciki.

Mu nan ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Abdullahi ɗan Mubarak yace isnadi, wato jerin waɗanda aka ruwaito magana ta hannunsu, yana daga cikin addini, ba dan isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama, Imamu Muslim ya kawo maganar a muƙaddimar Sahihinshi. Toh AI mai ba da labari ne da ba shi da isnadi. Shi ya sa nake roƙonka dan Allah, hadisi, fatawa, rabon gado, nisabin zakka, kar ka ɗauka daga bakinshi ka tura a guruf. Na ga saƙonni na yawo da lambar hadisi da sunan littafi, ka je ka duba babu. Garin nan cike yake da malamai, ka je ka zauna gabansu. Haka maganar magani, zai iya yi maka bayanin mene ne hawan jini, amma adadin ƙwayar da za a ba yaro mai zazzaɓi aikin likita ne.

Yanzu aikin ofis ɗinka, nan ne zaka fi cin moriyarshi kuma nan ne haɗarin ya fi sauƙi, tunda kai ka san aikin. Wasiƙar da oga zai ce a rubuta wa iyayen yara kan kuɗin makaranta, takardar neman izini zuwa ma'aikatar ilimi, gyara minit ɗin mitin da ka rubuta a gurguje, jadawalin jarabawa, duk waɗannan yana yinsu cikin ƙanƙanin lokaci. Inda mutane ke samun amsa maras amfani shi ne wajen tambaya, mutum ya rubuta kalma huɗu ya zauna jiran abin al'ajabi. Ka yi mashi bayani yadda zaka yi wa sabon ma'aikacin da aka kawo yau: wa ke rubuta wasiƙar, wa za a kai wa, me ake so ya faru bayan an karanta, tsawonta nawa. Misali kace mashi shugaban makaranta ne ke rubuta wa iyaye, ana tunatar da su kuɗin zango na biyu kafin ranar kaza, yawancinsu 'yan kasuwa ne da ƙananan ma'aikata, a yi ta da Turanci mai sauƙi cikin ladabi ba tare da barazana ba, kar ta wuce rabin shafi. Zaka ga bambanci. In bai yi maka ba kar ka fara sabo, kace ya rage, ya cire kaza, ya sassauta murya. Sannan ka karanta kowane layi kafin ka kai wa oga, musamman kwanan wata da adadin kuɗi, dan yakan cike gurbi da abin da ba ka ba shi ba.

Maganar sakamakon ɗalibai kuwa, kar ka ba shi maki ya tara maka. Lissafi a cikin hira ba nan ƙarfinshi yake ba, ko da yake sababbin sun gyaru. Abin da ya fi shi ne ka bar Excel ya yi lissafin, shi kuma AI ya koya maka fomular. Ka gaya mashi yadda shafinka yake, suna a layin kaza, gwaji a layin kaza, jarabawa a layin kaza, kana son jimilla da matsayi da gired, zai ba ka SUM da RANK da IF, in kana son jawo suna daga wani shafi ya nuna maka VLOOKUP, kuma kace ya fayyace maka kowane ɓangare na fomular me yake yi dan gobe ka iya da kanka. In ka sa, ka ɗauki yara biyar ka lissafa nasu da hannu ka gani ko ya dace. In biyar sun dace alama ce mai kyau sauran ma sun dace, tunda fomula ba ta gajiya, muddin an kwafe ta daidai a kowane layi. Wallahi aikin da ke cinye maka ƙarshen zango gaba ɗaya zai koma na yini guda.

Sai dai a nan akwai amana da nake so ka riƙe da gaske. Kar ka kwafi sunayen yara da makinsu da lambobin wayar iyayensu ka zuba a ciki, haka takardar albashin malamai, haka NIN da BVN na kowa har naka. Abin da ka rubuta yana tafiya ne zuwa kwamfutocin kamfanin a ƙasar waje, kuma wasu daga cikinsu suna amfani da hirar mutane wajen ƙara horar da manhajar sai in ka shiga saitin ka kashe. A 2023 kamfanin Samsung sai da ya hana ma'aikatanshi amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin aiki bayan wasu sun zuba bayanan sirrin kamfani cikin ChatGPT. Mu ma nan Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yuni 2023, da hukumar NDPC da ke kula da ita, kuma bayanan yara ƙanana sun fi tsanani. Ko ba doka ma, iyayen nan makaranta suka ba amanar 'ya'yansu. In kana buƙatar misali ka sa sunayen bogi, ɗalibi na ɗaya ɗalibi na biyu, fomula ba ruwanta da suna. Meta AI na WhatsApp ma haka, saƙon da ka tura mashi kamfanin ne ke karɓa, ba kamar hirarka da ɗan uwanka ba.

Toh mu zo kan karatu, wanda nasan shi ya fi damunka.

Malaminku yana da gaskiya, kuma ba dan ni ma malami ne nake faɗa ba. Asaimen ba takardar malam ke buƙata ba, yana da littattafan da suka fi abin da zaka rubuta. Ana ba ka ne dan wahalar da zaka sha wajen nema da tsarawa da rubutawa, a cikin wahalar nan ilimin ke zama a kai. In AI ya rubuta kai ka sa sunanka ka miƙa, ka karɓi maki kan aikin da ba ka yi ba, wannan ha'inci ne ba sai an nemi wani suna ba, daidai yake da ka biya wani ya rubuta maka. Kuma wanda aka fi cuta kai ne. Abokan nan naka da suke ganin sun huta, ranar jarabawa ba waya a hannu, ranar difens ɗin furojet malamai na zaune gabanka, tambaya ɗaya za a yi, me ya sa ka zaɓi wannan hanyar bincike ba waccan ba, sai ka ga ɗalibi ya tsaya yana kallon silin da kundi mai shafi 60 a hannunshi wanda bai san abin da ke shafi na 10 ba. Abin na ci mani rai duk lokacin da na gani, dan yaran ba daƙiƙai ba ne, da sun zauna da sun iya.

Amma hanawa gaba ɗaya ma ban goyi baya ba, dan ɗalibi irinka mai aiki da rana, wanda ba shi da lokacin bin lakcara ofis, bai taɓa samun mai taimako irin wannan ba. Ka karanta handawut ɗin da farko, kai da kanka. Inda ka kakare ka kai mashi wurin, kace ban gane wannan ba, yi mani bayani kamar ɗan aji uku na sakandare, in bai shiga ba kace ya sake ta wata hanya da misalin shagon kayan masarufi a Babbar Kasuwa, sau goma ma ba zai gaji ba kuma ba zai yi maka kallon raini ba, ƙarfe biyun dare ma yana nan. Sannan ka juya abin, wannan shi ne wanda na fi so kuma ɗalibai ba su cika yi ba: kace shi ya tambaye ka. Ya yi maka tambaya ɗaya ya jira ka amsa, kar ya ba ka amsa sai ka gwada, in ka kuskure ya nuna maka inda ka kauce. Ƙoƙarin tuno abu daga kai ya fi maimaita karatu zaunar da shi, duk wanda ya yi hadda a makarantar allo ya san tilawa ce ke riƙe karatu. Haka asaimen, ka rubuta naka da Turancinka yadda ya samu, sannan ka ba shi kace kar ya sake rubutawa, ya nuna maka kurakuran nahawu ya gaya maka dalili, ya nuna inda hujjarka ta yi rauni, kai ka gyara da hannunka. Nan da zango ɗaya zaka ga Turancinka ya tashi. Kuma ka gaya mashi ya faɗa maka gaskiya, dan ɗabi'arsu ce yabon mai tambaya, ko shirme ka kawo sai yace tunani ne mai kyau.

Lokacin furojet ka kula da manazarta. Kar ka taɓa cewa ya ba ka jerin littattafai da maƙalu ka kwafa kai tsaye. Yana iya ɗauko sunan farfesa na gaske ya haɗa mashi take da shekara da mujallar da duk sun yi kama da gaskiya, alhali babu maƙalar. Duk wanda ya ba ka ka sa taken a Google Scholar, shafin Google na neman maƙalun bincike, in bai fito ba ka jefar, in ya fito ka buɗe ka karanta kafin ka ambace shi. Akwai wata manhajar Google mai suna NotebookLM da ta fi dacewa da wannan aiki, kai zaka ɗora mata takardunka, ita kuma ta amsa daga cikinsu ta nuna maka wurin da ta ɗauko. Abu ɗaya da ba zan sassauta ba shi ne ƙirƙirar bayanai, mutum bai raba takardar tambayoyi ba ya sa AI ya cike mashi amsoshin mutum 100. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, kuma gobe wani zai ɗauki kundin ya gina nashi bincike a kai.

Game da barazanar malam cewa zai kama. Akwai manhajojin da ke cewa suna gane rubutun AI, amma ba abin dogaro ba ne. OpenAI da kanshi ya yi irinta, ya janye ta a watan Yuli 2023 saboda ba ta cika dacewa ba. Wani bincike na jami'ar Stanford a shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun ɗauki fiye da rabin rubutun waɗanda Turanci ba harshensu na gado ba a matsayin na AI, alhali mutane suka rubuta. Mu ke nan. Ma'ana kana iya yin aikinka da guminka a zarge ka. Dan haka ka riƙa ajiye shaida, rubutunka na farko na hannu, ko ka yi aikin a Google Docs wanda ke ajiye tarihin duk gyaran da ka yi da lokacinshi. Mafi yawan malamai ma ba da manhaja suke ganewa ba, ɗalibin da a aji jimla ɗaya ke ba shi wuya ya kawo Turancin da ya fi na malam, ko mutum goma su kawo amsa mai tsari iri ɗaya. Shawarata ka same shi cikin ladabi bayan lakca kace Malam, in na yi amfani da shi wajen neman ƙarin bayani da duba nahawu amma rubutun nawa ne, akwai laifi? Abin da yace shi ne dokar kwas ɗinshi, in yace a'a ka bi, karatun fahimta da kake yi a gida dai ba wanda ya hana ka.

Wanne ya fi kuwa, kar ka wahalar da kanka. Ga irin aikinka na kyauta ya wadatar, ko ChatGPT ko Gemini ko Claude, ka ɗauki biyu dan in abu ya yi maka shakku ka tambayi ɗayan ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya, duk da cewa zuwan bakinsu ɗaya ba hujja ba ce. Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya tun Afrilu 2024, ya fi sauƙin kaiwa ga ƙananan tambayoyi. ChatGPT Plus dala 20 ne a wata, da canjin yanzu ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai albashin makaranta mai zaman kanta, ka bari sai ka ga na kyautan ya gaza maka. Hirar rubutu ba ta cin data sosai, hoto da murya ne ke ci. Ka kula wajen saukewa daga Play Store ka duba sunan kamfanin, dan akwai na jabu masu kama da shi, kuma ka guji masu tallar akawun na haɗaka da araha, duk wanda kuke ciki tare yana ganin abin da ka rubuta.

Hausa kuma yana ji, kana iya tambayarshi da ita ya amsa, in bayani ya yi maka nauyi da Turanci kace ya maimaita da Hausa, yana taimakawa. Sai dai Hausar tashi takan fito da ƙashin Turanci a ciki, ya sa namiji inda mace take, karin magana kuma yakan fassara ta kalma da kalma ko ya ƙago wadda ba Bahaushen da ya taɓa faɗa. A darussan fasaha da lissafi amsarshi ta Turanci ta fi inganci, dan haka ka tambaya da Turanci ka nemi ƙarin haske da Hausa. In oga yace a fassara wasiƙar iyaye zuwa Hausa, ka bar shi ya yi maka zubin farko in kana so, amma ka zauna ka sake ta da bakinka, ka sa gaisuwa yadda ake yi wa manya a garin nan, ka mayar da kai da ke zuwa ku, sannan ka karanta wa wani dattijo cikin malamanku ya ji kafin a buga.